Wata Tara Ba Na Jin Ƙamshi, Yanzu Kuma Albasa Warin Taya Take Yi Mini

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 34, 'ya'yana huɗu, muna zaune a Funtuwa. A hunturun da ya wuce na yi wata mura mai tsanani haɗe da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Murar ta warke, hancina ya buɗe sarai, amma tun daga nan na daina jin ƙamshi da wari gaba ɗaya. Abinci ya koma mini salam. Wajen wata na huɗu sai abu ya fara dawowa, amma ba yadda na san shi ba. In ana soya albasa sai in ji kamar ana ƙona taya, nama kuma ƙarni da ɗoyi, har turaren maigidana tayar mini da zuciya yake yi. Na rame. Sau biyu ina ƙona tukunya ban sani ba sai da maƙwabciya ta leƙo. Maigidana ya ce raki ne, tunda ba inda yake mini ciwo. Uwar mijina ta ce gishiri ya yi yawa a girkina, kuma tana ganin shafar aljanu ce, a kai ni a yi mini hayaƙi da shaƙe. Mai kemis ya ce in sha dexa na wata guda. Na ɗiga man habbatus sauda a hanci ban ga canji ba. Don Allah zai dawo kuwa? Me zan yi?

'Yar'uwarki daga Funtuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya ba ki lafiya.

Bari in fara da abin da ya fi damun ki. Akwai kyakkyawan fata cewa zai dawo, kuma wata tara bai kai a yanke ƙauna ba ko kusa. Ba zan yi miki alkawarin cewa komai zai koma daidai yadda yake kafin murar ba, domin akwai waɗanda nasu kan dawo da saura. Amma mafi yawan masu irin lalurarki suna ci gaba da samun sauƙi a shekara ta farko da ta biyu, wasu har ta uku. Wannan warin tayar da ya hana ki sakat ma, duk da azabarsa, ya fi shiru ɗin da kika yi fama da shi a watannin farko.

Ba raki ba ne, kuma ba a hancin da kike fyacewa matsalar take ba, shi ya sa kika ji ya buɗe amma ƙamshi bai zo ba. Can saman kogon hanci, daidai tsakanin idanu, akwai wata 'yar shimfiɗa ta tsoka inda jijiyoyin jin ƙamshi suke. Kowace jijiya tana da siririn zare da yake ratsa wani ƙashi mai ƙananan huji ya shiga ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin cutar da ke kawo mura, da na mura mai zafi da ke zuwa da zazzaɓi, da na korona, duk suna iya lalata wannan wuri. Likitocin hanci sun san wannan lalura tun kafin 2020, kuma sun daɗe da lura cewa ta fi kama mata. Korona ce kawai ta sa ta yawaita har duniya ta waiwaye ta. A kan korona, masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna a 2020 cewa ƙwayar cutar ta fi kama ƙwayoyin halittar da ke tallafe da jijiyoyin, ba jijiyoyin kansu ba, shi ya sa yawancin mutane nasu yake dawowa cikin 'yan makonni. Su kuwa waɗanda nasu ya daɗe, wani bincike na Jami'ar Duke a 2022, inda aka ɗebo ɗan tsokar wurin aka duba, ya samu cewa garkuwar jiki tana ci gaba da tayar da kumburi a can bayan ƙwayar cutar ta tafi, kuma yawan jijiyoyin ya ragu. Ko korona kika yi ko wata mura daban, abin da za ki yi iri ɗaya ne.

Abin da ya sa nake ba ki fata shi ne, waɗannan jijiyoyi suna cikin 'yan kaɗan a jikin ɗan Adam da suke sake tsirowa har tsufa. Sai dai sabuwar jijiya sai ta girma, ta miƙa zarenta ta cikin ƙashin nan, ta samu mazauninta a ƙwaƙwalwa. Aiki ne na watanni, kuma ba duka suke isowa lokaci guda ba.

A nan warin taya yake samo asali. Hancin mutum yana da kusan nau'i 400 na masu karɓar ƙamshi, kuma abin da kike kira ƙamshin soyayyar albasa ba abu ɗaya ba ne, sinadarai ne masu yawa da suke taɓa masu karɓa daban-daban a tare, ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ce miki albasa ce. Ki ɗauki miyar kuka. Daddawa a cikinta ita ce daɗin miyar, amma da za a cire kuka da nama da man shanu da kayan yaji a bar miki daddawar ita kaɗai a hanci, ai ba za ki ce ƙamshi ba. Haka hancinki yake yanzu: wasu jijiyoyin sun dawo, wasu ba su iso ba, sinadarai mafi ƙarfi ne kawai suke ratsawa, ƙwaƙwalwa kuma in ta karɓi saƙon da ba ta gane ba takan fassara shi da ƙauri ko ruɓa. Likitoci suna kiran wannan farosmiya, kuma yakan bayyana ne wata biyu zuwa huɗu bayan ciwon, kamar dai yadda naki ya yi. Masu bincike a Jami'ar Reading ta Ingila sun bi diddigin sinadaran da suka fi tayar da shi, suka same su a cikin abubuwan da aka soya ko aka gasa, da masu sinadarin farar wuta: kofi, albasa, tafarnuwa, gasasshen nama, ƙwai. Kin ga kusan duk abin da tukunyar Bahaushiya take farawa da shi ke nan. A wasu binciken an ga cewa masu farosmiya sun fi samun ci gaba idan suka yi atisayen da zan gaya miki a ƙasa.

Ga alƙaluma, don ki san inda kike tsaye. A 2022 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta tattara bincike 18 da suka shafi mutum 3,699 da suka rasa ƙamshi ko ɗanɗano bayan korona. Kimanin 74 cikin 100 sun ce nasu ya dawo a cikin wata guda, kimanin 96 cikin 100 a wata shida, an kuma ƙiyasta cewa kusan 5 cikin 100 nasu yakan daɗe. Ke kina cikin wannan ƙaramin rukuni, shi ya sa duk wanda kika gaya wa sai ya ce ai shi ma ya yi, mako biyu ya warke. Gaskiya yake faɗa, amma nasa ba irin naki ba ne. Binciken da ya fi dacewa da ke shi ne na likitocin birnin Trieste a Italiya, waɗanda suka bi mutum 88 da suka yi korona har shekara uku suna gwada hancinsu da ma'auni, ba tambayar baki kawai ba. A ƙarshen shekara ta farko kimanin 41 cikin 100 suna da sauran matsala, a ta biyu suka ragu zuwa 27, a ta uku zuwa 14. Wato mutanen da aka ɗauka nasu ya tafi ke nan a shekara ɗaya, da yawansu sun warke daga baya. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Kafin komai, ki je likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa hancin nan ko sau ɗaya ne. Daga Funtuwa, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba shi da nisa, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda take duba hanci da maƙogwaro, da asibitin Malam Aminu Kano. Dalilin zuwan shi ne a tabbatar babu tsiro a cikin hanci, ko daɗaɗɗen ciwon sainos, wato kumburin kogunan iska da ke kewaye da hanci, ko borin hanci, domin waɗannan su ma suna toshe ƙamshi kuma suna da magani nasu na daban. Ana dubawa ne da wata siririyar kyamara, aikin 'yan mintoci. In kuma kina da toshewar hanci ta gefe ɗaya da ba ta tafiya, ko haɓo mai maimaituwa, ko ruwa garau yana ɗiga ta kafar hanci ɗaya, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko ganinki ya canza, ko kin taɓa buguwa a kai kafin abin ya fara, to wannan ba na jira ba ne, ki tafi cikin makon nan. Wani abu kuma, tsakanina da ke: in kin yi ɓatan wata, ki yi gwajin ciki. Ƙaramin ciki yana sa ƙyamar warin girki, kuma yana iya haɗuwa da wannan ya ninka miki wahala, sannan zai canza irin maganin da likita zai iya ba ki.

Abin da ya fi kowane samun goyon bayan likitocin hanci a yau ba ƙwaya ba ce, atisayen shinshina ne. Farfesa Thomas Hummel na birnin Dresden a Jamus shi da abokan aikinsa suka fitar da shi a 2009. Sun sa marasa lafiya shinshina ƙamshi huɗu, wardi da lemun tsami da kanumfari da man bishiyar turare, safe da yamma har mako 12. Fiye da ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka yi sun samu ci gaban da ake iya aunawa, alhali a cikin waɗanda ba su yi ba kaɗan ne ƙwarai. Kin ga ba sha-yanzu-magani-yanzu ba ne, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. Binciken da suka biyo baya sun nuna cewa wanda ya yi na kusan shekara ya fi wanda ya tsaya a wata huɗu, kuma canza ƙamshin bayan kowane wata uku yana ƙara amfani. Ba shi da illa, kuma kusan duk kayan suna cikin kicin ɗinki.

Ki samu ƙananan kwalabe huɗu masu murfi, irin na turare ko na magani da aka wanke tas suka bushe. A ta farko ki ɗan daddaka kanumfari ki zuba. A ta biyu ki kankare ɓawon lemun tsami, koren bayan nan, domin a can ƙamshin yake ba a ruwan ba, kuma shi sai kin riƙa sabunta shi duk bayan kwana biyu ko uku. A ta uku ki murtsuke ganyen bishiyar turare, in babu ki lakaci ɗan man zafi a auduga. A ta huɗu ki ɗiga turaren wardi a auduga, ko wani turaren da kika daɗe kina amfani da shi kika san shi farin sani. Ki rubuta sunan kowanne a jikin kwalbar, ki ajiye su inda rana ba ta bugu.

Ki ɗaura atisayen a kan sallah don kada ki manta: bayan Asuba da bayan Isha'i. Ki zauna inda babu hayaƙin girki, ki buɗe kwalba ɗaya ki kawo ta kusa da hanci ba tare da ta taɓa ba, ki riƙa jan iska a hankali, gajere-gajere, na kamar sakan 20. Kada ki zuƙa da ƙarfi har ƙirji, wannan wucewa yake yi da iskar. Yayin da kike shinshinawa ki sa hankalinki a kan abin, ki tuno yadda kanumfari yake a kunu ko a shayi, ki kalli sunan da kika rubuta. Wannan tunowar rabin aikin ce, domin ƙwaƙwalwa ake koya wa ta sake haɗa saƙo da sunansa. Ki rufe, ki huta kamar rabin minti, ki ɗauki ta gaba. Duka-duka bai wuce minti biyar ba. Ko ba ki ji komai ba ki ci gaba, ko kin ji wani wari daban ki ci gaba, sai dai in ɗaya yana sa ki amai, sai ki musanya shi da wani. Bayan wata uku ki sauya su da citta, kirfa, na'a-na'a da ɓawon lemun zaƙi, bayan wasu ukun ki koma kimba, masoro, hulba da humrarki. Ki lura da abu ɗaya: sanyin da man zafi yake sa wa a hanci, da yajin citta, wata jijiya ce daban take jin su, wadda murar ba ta taɓa ba. Don haka jin sanyin ba shi ne dawowar ƙamshi ba, ki nemi abin da ke bayan sanyin. Idan azumi ya zo, ki mayar da shi bayan buɗa-baki da lokacin sahur, kin huta da shakku.

Yanzu maganar dexa, wato ƙwayar dexamethasone, ɗaya daga cikin magungunan da ake kira steroid. Kada ki sha. Magungunan wannan gida suna rage kumburi, kuma likita yakan ba da su na 'yan kwanaki idan ya ga tsiro ko kumburi da idonsa, amma babu hujja mai ƙarfi cewa shan su yana dawo da ƙamshin da mura ta ɗauke wata tara da suka wuce. Abin da aka tabbatar shi ne illarsu in an daɗe ana sha: hawan jini, hawan suga, kumburin fuska, raunin ƙashi, raunin garkuwar jiki, ga kuma haɗarin dainawa farat ɗaya bayan jiki ya saba. Ni abin da yake ba ni haushi shi ne yadda ake miƙa wannan ƙwaya a kan kanta kamar alewa, har 'yan mata suna sha don su yi ƙiba. Wata guda a kan dexa ba tare da likita ba, garin neman gira ne a rasa ido. Akwai irinsa na fesawa a hanci ko na zubawa a ruwan wanke hanci, wanda haɗarinsa kaɗan ne, kuma wani bincike a Jami'ar Stanford a 2018 ya nuna ya ƙara wa atisayen shinshina amfani. Wannan ki bar wa likitan ya yanke bayan ya duba ki. Haka maganin ɗigawa na buɗe hanci irin su Otrivin: hancinki ba a toshe yake ba, kuma in aka wuce mako guda ana amfani da shi, shi da kansa yake haifar da toshewa.

Man habbatus sauda ki ci shi a abinci in kina so, amma ki daina ɗiga shi a hanci. Haka tafarnuwa, haka ruwan albasa, haka duk wani gari da za a ce ki shaƙa. Wurin nan da muke lallaɓawa ya farfaɗo fatarsa ba ta da kauri, abu kaɗan yake ƙona ta. A 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a a kan wani maganin mura na shafawa a hanci mai sinadarin zinc, mai suna Zicam, bayan mutum fiye da 130 sun kai ƙarar cewa ya ɗauke musu jin ƙamshi. Wannan fa magani ne da aka haɗa a masana'anta aka sayar a kantin magani, balle garin da ba wanda ya san abin da aka daka a ciki. Abu ɗaya da na yarda ki sa a hanci shi ne ruwan gishiri na wanke hanci, ko wanda ake sayarwa a kantin magani, ko ki haɗa da kanki: rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce. Kada ki taɓa yin sa da ɗanyen ruwan rijiya ko na famfo.

Maganar Hajiya uwar mijinki kuwa, kada ki yi musu da ita a kan aljanu, ba za ki ci riba ba, kuma damuwa da ke ce ta sa ta faɗa. Addu'a da karatun Alƙur'ani da azkar ba su hana komai a cikin abin da na lissafa, ki riƙe su. Inda za ki tsaya da ƙafarki shi ne hayaƙi da shaƙe. Ki ce mata, “Hajiya, likita ya ce akwai rauni a can cikin hancin da yake warkewa, ya hana a sa komai, amma a taya ni da addu'a.” In kin san maganarki ba za ta yi nauyi ba, ɗanta ya faɗa mata. A kan gishiri kuma tana da gaskiya. Harshenki lafiyarsa ƙalau, yana jin zaƙi da gishiri da tsami da ɗaci, abin da ya ɓace shi ne ƙamshin da yake hawa daga maƙogwaro zuwa hanci yayin tauna, wanda shi ne yawancin abin da muke kira daɗin abinci. Da kika ji miya salam sai hannunki ya riƙa ƙara gishiri da dunƙule yana neman abin da ba su ne za su kawo shi ba. Ki koma awo da cokali daidai yadda kike sawa a da, ki sa babbar 'yarki ta riƙa ɗanɗana miki.

Ramar da kika yi ta fi damuna fiye da ƙamshin kansa. Uwar 'ya'ya huɗu ba ta zama da yunwa tana jiran hanci. Zafi shi yake tayar da ƙamshi, don haka abinci mai sanyi ko wanda ya huce zai fi shigar miki: fura da nono, kindirmo, koko ko kunun tsamiya da ya sha iska, farar shinkafa, dafaffen dankali, ayaba, gwanda, kankana. Dafaffe ya fi soyayye da gasasshe sauƙi, saboda haka ki ɗan jingine tsire, soyayyen ƙwai, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa da kofi. Ki gwada miyar kuɓewa ko ta kuka da ba a soya albasa a ciki ba, ki ɗebi naki kafin a zuba abin da yake tayar miki da zuciya. In nama ya gagara, ki nemi madadinsa a wake, alala, nono da kifin da aka dafa ya huce. Tsami da yaji da abu mai garas-garas suna sa abinci ya yi armashi ko babu ƙamshi, don haka matsa lemun tsami da yanka kokwamba ko karas a gefe ba ƙawa ba ce. Ranar da abin ya yi tsanani, toshe hanci da yatsu yayin tauna yana rage warin sosai. In man goge baki ma ya koma miki wani iri, ga aswaki. Amma kada ki yanke hulɗa da waɗannan abinci har abada. Duk bayan mako biyu ko uku ki ɗan gwada kaɗan, domin abin da ya gagara a wannan wata yana iya shiga a wata mai zuwa. Idan ramar ta ci gaba, ko kika ga baƙin ciki ya zauna miki, ba barci, ba sha'awar komai, ki faɗa wa likitan ƙarara. An san rashin jin ƙamshi yana jawo ciwon damuwa, kuma shi ma ana maganinsa.

Tukunya biyu da kika ƙona gargaɗi ne. Gas ɗin girki asalinsa ba shi da wari, wani sinadari ake zuba masa da gangan don a ji in yana tsiyaya, ke kuma yanzu ba za ki dogara da hancinki a kansa ba. Silinda ta zauna a waje ko kusa da taga, ki riƙa rufe ta daga kanta duk lokacin da kika gama, ki shafa ruwan kumfa a tiyo da mahaɗarsa lokaci-lokaci, in ya yi ƙwai-ƙwai to yana tsiyaya. Kada ki ɗora tukunya ki shiga ɗaki sai kin saita ƙararrawa a waya. Miyar da ta kwana, da naman da ya zauna a firij bayan an daɗe da ɗauke wuta, wani ya shinshina miki kafin ki ba yara, in babu kowa kuma kina shakka, ki zubar. Kunzugun ƙaramin ki riƙa dubawa da ido a kan lokaci. Turaren wuta da humra ki tsaya a ma'aunin da kika saba, domin wanda ba ya ji yakan zuba har ya hana mutane numfashi. Shi kuwa hayaƙin janareto da na gawayi a rufaffen ɗaki, gubar da take kisa a cikinsa ko mai lafiyayyen hanci ba ya jin ta, wannan dokar gidan gaba ɗaya ce.

Sai maigida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ciwon da ba ya jini ba ya kumburi da wuya a tausaya wa mai shi. Akwai gwaji mai sauƙi: ki ba shi yankan lemu ko alewa mai ƙamshi, ya toshe hancinsa gam ya tauna, sannan ya saki. Abin da ya ji kafin ya saki, shi kike ci wata tara. Ki kuma fito masa da maganar turaren a fili, a lokacin da kuke cikin raha, domin namiji in ya ga matarsa tana kawar da kai idan ya matso, fassarar da zai yi daban ce, kuma irin wannan shirun yana ɓata aure fiye da ciwon. Ki ce masa ba shi ba ne, turaren ne hancinki yake juyawa, ku gwada wasu tare har ku samu wanda bai dame ki ba, ko ya ɗan ajiye turare a cikin gida zuwa wani lokaci. In zai raka ki asibiti ya ji daga bakin likita, ya fi.

Ki samu ɗan littafi, ranar ɗaya ga kowane wata ki rubuta a gaban kowace kwalba ko ba ki ji komai ba, ko kin ji kaɗan, ko kin ji amma a juye, ko kin ji daidai, ki ƙara da abincin da ya fara shiga. Kada ki auna kullum, domin abin hawa da sauka yake yi: yau ki tsinci ƙamshin sabulu na sakan biyu, gobe ya ɓace, warin ma wani lokaci yakan ƙara muni kafin ya lafa. Littafin nan shi za ki kai wa likita bayan wata shida da fara atisayen, a ga ko za a ƙara wani abu. Hunturu kuma yana tafe da ƙurarsa da murarsa. Ki riƙa sa takunkumi in ƙura ta taso, ki wanke hanci da ruwan gishirin da yamma, ki nisanci hayaƙin taba da na itace gwargwadon iko. In kika sake yin mura, ɗan abin da ya dawo zai iya ja da baya saboda toshewa. Ki ci gaba da kwalabenki, idan mako uku suka wuce bayan murar ta warke bai koma inda yake ba, ki koma asibiti ba sai wata shidan sun cika ba.